SHARHI: Asfirin Da Ciwon Daji, Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

A cikin watan Satumba na shekarar 2025, likitocin ƙasar Suwidin da na maƙwabtanta suka bayyana sakamakon wani bincike da ya ja hankalin masana da 'yan kasuwar magunguna a duniya baki ɗaya. Binciken, wanda Cibiyar Karolinska ta jagoranta, ya nuna cewa asfirin, wato ƙwayar nan mai araha da ake samu a kowane kantin magani, ta rage dawowar sankarar babban hanji da kusan rabi ga wani rukuni na majinyata da aka riga aka yi wa tiyata. Labari irin wannan ba ya daɗewa bai iso kasuwar Jimeta ba, kuma idan ya iso, sau da yawa yakan baro sharuɗɗansa a hanya, har a wayi gari ana cewa ai asfirin rigakafin ciwon daji ce. Saboda haka ya kamata masu harkar magunguna a Yola da Jimeta, da sauran 'yan kasuwa waɗanda lafiyarsu ita ce babban jarinsu, su san iyakar gaskiyar wannan magana tun kafin ta zama hajar talla.

Da farko dai, maganar tana da tushe. Tun a shekarar 1863 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya lura cewa ciwon daji yakan tsiro a inda kumburi ya daɗe a jiki. Kumburi kuwa shi ne martanin da jiki yake mayarwa idan ya sami rauni ko wata ƙwayar cuta ta shige shi. Idan ya gama aikinsa ya lafa, to alheri ne. Amma idan ya zauna shekara da shekaru, sai ƙwayoyin halittar wurin su yi ta mutuwa suna sabuntawa, kuma a cikin wannan yawan sabuntawar ne akan sami kuskuren da yake zama sankara. Ita kuwa asfirin, wadda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899, an shafe fiye da shekara 70 ana shanta kafin a san yadda take aiki. Sai a 1971 ne John Vane na Ingila ya gano cewa tana toshe wani sinadari da jiki yake amfani da shi wajen haifar da kumburi da zafi, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 1982. Ibufurofen da dikilofenak da firoksikam, waɗanda suka cika kantunanmu, duk 'yan gida ɗaya ne da ita ta wannan fuska.

Daga nan sai masana suka fara tambayar ko mai kashe kumburi zai iya hana abin da kumburi yake haifarwa. A 1988 wani bincike a birnin Melbourne na Ostareliya ya lura cewa masu yawan shan asfirin ba su cika kamuwa da sankarar babban hanji kamar sauran jama'a ba. A 1991 kuma Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta bi diddigin mutane fiye da 600,000, ta ga mace-mace daga wannan cuta sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a tsakanin masu shan ƙwayar a kai a kai. To, amma irin wannan bincike na sa ido ne kawai, ba ya iya tabbatar da cewa ƙwayar ce ta yi aikin, domin mai yiwuwa ne masu shanta su ne kuma masu yawan zuwa asibiti da kula da abin da suke ci. Kamfanonin magunguna dai ba su jira ba, don sun hango kasuwa mai faɗi.

Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk wani ɗan kasuwa. A 1999 kamfanin Merck na Amurka ya fito da Vioxx, wani sabon maganin kumburi da aka ce ba ya cin ciki kamar tsofaffin magunguna. Ya karɓu ƙwarai, har cinikinsa ya kai dala biliyan 2.5 a shekarar 2003 kaɗai. Kamfanin ya so ya ƙara faɗaɗa kasuwarsa, sai ya shirya gwaji don ya nuna cewa maganin yana hana fitowar ƙananan tsiron hanji waɗanda kan rikiɗe su zama sankara. Tsiron ya ragu, amma a cikin wannan gwajin ne aka ga cewa masu shan maganin fiye da wata 18 sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ranar 30 ga Satumba, 2004 kamfanin ya janye Vioxx daga kasuwannin duniya, darajar hannun jarinsa ta faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a yini guda, sa'an nan a 2007 ya amince ya biya dala biliyan 4.85 don sasanta ƙararrakin da aka shigar a kansa. Idan kamfani mai ɗakunan bincike da rundunar lauyoyi ya yi irin wannan asara, to ina ga mai ɗan kanti a Jambutu ko Doubeli?

Ita kanta asfirin, gwaje-gwajen da aka yi mata bisa ƙa'ida, inda akan raba mutane gida biyu a ba wasu maganin a ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, sun ba da amsa iri biyu. Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle a Ingila ya gwada ta ga mutum 861 masu wata larura ta gado da ake kira Lynch, wadda take sa sankarar hanji ta riƙa bin dangi. Sakamakon da aka bayyana a 2011, aka kuma ƙara tabbatarwa a 2020, ya nuna raguwar cutar ƙwarai ga waɗanda suka sha ƙwayar na tsawon shekara biyu ko fiye, sai dai amfanin bai bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa. A ɗaya ɓangaren kuma, an gwada ta ga tsofaffi masu ƙoshin lafiya fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka, akasarinsu 'yan shekara 70 zuwa sama. Sakamakon da ya fito a 2018 ya ba masu binciken mamaki: zubar jini mai haɗari ta ƙaru ga masu shan asfirin, kuma mace-mace daga ciwon daji sun ɗan fi yawa a cikinsu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka, wanda a 2016 ya shawarci wasu 'yan shekara 50 zuwa 59 su riƙa shan asfirin don kare zuciya da hanji, ya janye batun hanji daga shawararsa a 2022.

Haka shi ma binciken Suwidin da aka ambata da farko yana da nasa sharuɗɗan. An auna ƙarin da aka cire daga jikin majinyata fiye da 3,000, aka ware waɗanda sankararsu take ɗauke da wani sauyi na musamman a ƙwayoyin halitta, wato kimanin kashi 37 cikin 100, su kaɗai aka sa a gwajin, suna shan miligiram 160 a kullum har shekara uku a ƙarƙashin kulawar likitoci. Duk da haka, munanan illoli sun fi yawa a cikin masu shan asfirin. Ke nan abin da ilimi ya tabbatar zuwa yau shi ne, ƙwayar tana amfanar wasu keɓaɓɓun mutane da aka tantance ta hanyar awo, a nau'in sankara guda, bisa ma'aunin da likita ya tsara. Babu wani gwaji da ya nuna cewa lafiyayyen mutum zai tsira daga ciwon daji baki ɗaya don yana haɗiyar maganin kumburi kullum. Magungunan kumburi suna da wani gurbin a jinyar ciwon daji, alal misali wajen rage raɗaɗi kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 1986, ko kuwa irin su firedinisolon da ake haɗawa da wasu magunguna wajen jinyar sankarar jini, amma duk wannan aikin asibiti ne.

Idan aka dawo gida, sai a ga cewa matsalarmu ba ƙarancin shan waɗannan magunguna ba ce. Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Jimeta ko tashoshin mota da yamma zai ga masu tallan magani da farantansu, kuma zai ga lebura da direba da mai dakon kaya suna sayen abin da ake kira haɗi ko maganin gajiya, wato ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle ɗaya, waɗanda sau da yawa biyu daga cikinsu aikinsu ɗaya ne. Ana shan su ba tare da an ci abinci ba, a garin da zafin bazara yake haura ma'auni 40, ga gumi ga ƙarancin ruwa a jiki, wanda shi ne yanayin da waɗannan magunguna suka fi cutar da ƙoda. Illolinsu sanannu ne ga kowane likita: gyambon ciki, aman jini ko baƙin bayan gida, hauhawar jini, da lalacewar ƙoda. Wankin ƙoda kuwa, wanda akan buƙaci a yi sau biyu ko uku a mako, yana iya cinye jarin ɗan kasuwa a cikin 'yan watanni. Idan aka ƙara wa masu wannan ɗabi'a da albishir na ƙarya cewa suna kare kansu daga ciwon daji, to an ba su lasisin ƙara abin da tuni yake cutar da su.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan tafiya a ɓoye. Maganin raɗaɗi yana rufe alamun cuta. Mutumin da yake fama da ciwon ciki na watanni, ko yake ganin jini a bayan gida yana ɗauka basir ne, ko matar da ta ji ƙulluwa a mama, idan suka sami abin da zai kwantar da zafin sai su jinkirta zuwa asibiti. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kokawa cewa akasarin masu ciwon daji suna zuwa ne bayan cutar ta yi nisa. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna kimanin sababbin majinyata 128,000 a Nijeriya da mace-mace kusan 80,000 a shekara guda. A jihar Adamawa, wanda aka gano cutarsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wato tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Yola, ko a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, idan jinyarsa ta kai ga gashi da na'ura, akan tura shi Gombe ko Maiduguri ko Zariya ko Abuja. Kuɗin mota da masauki da na mai jinya da rufe kanti na makonni duk suna hawa kan kuɗin magani, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya yake fitowa kai tsaye daga aljihun jama'a.

Wannan tsadar ce take sa maganar asfirin ta yi daɗin ji, kuma ba za a ga laifin talaka ba. Tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, har dala ɗaya ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, domin galibin magungunanmu da kusan dukkan sinadaran haɗa su daga Indiya da Sin ake shigo da su. Kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina harkarsa kai tsaye a ƙasar nan a watan Agusta na 2023, Sanofi ya bi sahunsa a ƙarshen shekarar. Gwamnatin Tarayya ta fitar da umarni a watan Yuni na 2024 na ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna, amma mai saye a kanti bai ji sauƙin nan da nan ba. A irin wannan hali, ƙwayar da ba ta fi kuɗin kofin shayi ba, wadda aka ce tana maganin cutar da take cin miliyoyi, dole ta sami masu saye. To, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ya kamata kuma masu kantuna su tuna da doka. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta haramta tallata wani abu ga jama'a a matsayin rigakafi ko maganin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma ciwon daji yana cikinsu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita take da alhakin kula da ingancin magunguna da tallarsu, yayin da Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Nijeriya, bisa sabuwar dokarta ta 2022, take ba da lasisin kantuna da ƙayyade abin da mai ƙaramin kanti zai iya sayarwa. Rufe kasuwar magunguna ta Sabon Gari a Kano da aka yi a farkon 2024, tare da umartar dillalai su koma cibiyar Dangwauro, ya nuna cewa hukumomin suna iya ɗaukar matakin da zai taɓa jari. Kasuwar Jimeta tana ciyar da Mubi da Numan da Ganye da Fufore, har da fatake daga Garwa ta ƙasar Kamaru, saboda haka duk abin da ya ɓata sunanta zai taɓa cinikin kowa, har da waɗanda ba su aikata laifin ba.

Abin lura a nan shi ne, ilimin da ya danganta kumburi da sankara yana da amfani a gare mu fiye da yadda ake zato, sai dai ta wata ƙofar daban. Da yawa daga cikin nau'o'in ciwon dajin da suke addabar wannan yanki suna da sanannen musabbabi wanda ake iya kawarwa tun daga tushe. Sankarar hanta galibi tana biyo bayan ciwon hanta nau'in B, wanda wani babban bincike na ƙasa a 2018 ya nuna yana jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na manya. Akwai allurar rigakafinsa, tana cikin alluran jarirai tun 2004, kuma babba ma yana iya yin awo ya karɓa. Gubar da fumfuna yake bari a gyaɗa da masara idan ba a busar da su sosai ba tana ƙara wa hanta wannan haɗari, kuma ita ce dai take hana amfanin gonarmu shiga kasuwannin Turai. Sankarar bakin mahaifa tana zuwa daga ƙwayar cutar HPV, kuma Adamawa tana cikin rukunin farko na jihohin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta a watan Oktoba na 2023. Tsargiya, wadda ta zama ruwan dare ga masunta da manoman rani da yara masu wanka a gaɓar Binuwai da tafkin Geriyo, tana janyo sankarar mafitsara idan ta daɗe, alhali maganinta na yini guda ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kumburi ne na shekaru, kuma a kowane ɗaya cire musabbabin ya fi danne alamarsa da ƙwaya.

A nan ne 'yan kasuwa suke da rawar takawa, kuma a nan ne halattacciyar riba take. Jihar tana buƙatar ɗakunan awo masu inganci, da na'urar leƙa ciki da hanji, da wuraren adana allurai a sanyi masu aiki da hasken rana, da rumbuna da na'urorin busar da hatsi. Mai kuɗin da yake tunanin gina wani sabon jerin shaguna zai iya duba wannan fanni, wanda masu buƙatarsa suke kwasar kuɗinsu suna kaiwa wasu jihohi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna iya shirya wa mambobinsu awon hanta da na hawan jini sau ɗaya a shekara, su kuma yi rajistar su a jumlace da hukumar inshorar lafiya ta jiha, musamman tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Wanda yake da ma'aikata goma a ƙarƙashinsa ya san abin da rashin guda ɗaya ƙwararre yake jawo wa harkarsa.

Gwamnati da jami'o'i ma suna da nasu aikin. Asfirin ba ta da mai haƙƙin mallaka a yau, don haka babu kamfanin da zai kashe biliyoyi wajen gwada ta. Manyan gwaje-gwajen da aka yi mata akasari da kuɗin gwamnatoci da na ƙungiyoyin agaji aka yi su, kuma galibi a kan Turawa. Wani bincike da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka yi tare da takwarorinsu na Amurka, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa sankarar hanjin 'yan Nijeriya ta bambanta da ta Amurkawa ta fuskar ƙwayoyin halitta. Ma'ana, sakamakon Suwidin yana buƙatar a jarraba shi a nan kafin a san yawan majinyatanmu da zai amfana. Idan ya tabbata, to babu ƙasar da za ta ci moriyarsa kamar irin tamu, inda sababbin magungunan ciwon daji suka fi ƙarfin kusan kowa. Cibiyar Bincike da Jinyar Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, ita ya kamata ta ja ragamar wannan, ta kuma jawo asibitin koyarwa na Yola cikin aikin, tare da samar da hanyar auna ƙarin da aka cire daga majinyata ba sai an aika da shi ƙasashen waje ba.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana wuyan mai kanti, domin shi ne mutum na farko da mara lafiya yake gani, sau da yawa ma shi ne na ƙarshe. Idan mai saye ya dawo karo na uku yana neman maganin ciwo guda, ko ya ambaci jini a bayan gida ko a fitsari, ko rama ba dalili, ko ƙulluwa a jiki, to alherin da za a yi masa shi ne a tura shi asibiti. Idan wani ya zo neman asfirin don ya ji an ce tana hana ciwon daji, a tambaye shi ko likita ne ya rubuta masa. Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin, kada a haɗa wa mutum maganin kumburi iri biyu, kuma a yi hattara da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu. Wanda kuma likita ya riga ya ɗora shi a kan asfirin saboda zuciya, kada ya daina sai da shawarar likitan. Wanda sankarar hanji ta kama mutum biyu ko uku a danginsa, musamman tun suna da ƙuruciya, shi ne ya fi kowa cancantar ya je ya tattauna wannan batu da ƙwararre. Cinikin da mai kanti zai rasa ta wannan hanya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da amanar da zai samu a wurin jama'a, kuma a kasuwa irin ta Jimeta, inda kowa ya san kowa, amana ce take dawo da mai saye. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.